Bakin tekun Ghana a Disamba ba tare da turmutsutsu ba

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni sai yau na samu zama. Ka ce ku shida ne za ku taso daga Kano, kai da Hajiya da yara uku da ƙanwarka, za ku sauka Accra a hutun Disamba ku ɗauki hayar mota na kwana takwas ku bi bakin teku, amma bidiyoyin da kake gani na Cape Coast da Kakum sun karya maka gwiwa, mutane kamar ranar hawan Daushe, shi ne kake tambaya ko akwai yadda za a yi a ga wuraren nan ba tare da an yi ta gogayya da jama'a ba.

Toh akwai. Ni a Takoradi nake zaune, kuma shekaru da yawa abincina a kan wannan titin yake, ɗaukan baƙi daga Accra zuwa yamma in dawo da su, don haka abin da zan faɗa maka ba a waya na karanto shi ba. Abu na farko da nake so ka gane shi ne cunkoson nan da ka gani ba ko'ina yake ba, kuma ba ko da yaushe ba. Wuri uku ne kacal suke ɗauke da shi, kasul ɗin Cape Coast da kasul ɗin Elmina, wato tsofaffin manyan gidajen Turawa da ake tsare bayi a ciki, sai gadar sama ta dajin Kakum. Kuma kusan duk mutanen da ke cika su daga Accra suke tasowa da safe su koma da yamma. Daga Accra zuwa Cape Coast kusan kilomita 145 ne, bas ɗin da ya bar otal ƙarfe shida ko bakwai ba zai isa ba sai wajen goma, yawanci Kakum suke fara zuwa, su gama wajen azahar, su ci abinci, su faɗa kasul ɗaya ko biyu tsakanin ɗaya da huɗu, sannan direba ya fara matsa musu hon saboda yana so ya wuce Kasoa, garin da ke bakin shiga Accra, kafin dare ya yi nisa. Kaga kenan agogo ne da su. In ka san agogon, sai ka kwana kusa da wurin, ka shiga kafin su iso ko bayan sun juya, shikenan ka gama da rabin matsalar.

Sauran rabin kuma kwanan wata ne. Tun 2019 da gwamnati ta yi bikin Year of Return, wato cika shekara 400 da kai bayi na farko Bajiniya ta Amurka a 1619, Disamba ta zama wani abu daban a Ghana, baƙaƙen Amurka da na Ingila da 'yan Ghana mazauna waje da ku 'yan Najeriya duk kowa ya kwararo, ga casu iri-iri a Accra har zuwa sabuwar shekara. Amma fa ba duk watan ba ne. Abin yana fara zafi ne daga wajen 20 ga wata, ya kai ƙarshe tsakanin 26 ga Disamba da 2 ga Janairu, bayan sati na farko na Janairu kuma sai ka ji gari ya yi tsit kamar an share. In makarantar yara ta ba da hutu da wuri, ku sauka wajen 13 ko 14 ku gama kafin 22. In ba hali, gara ku jinkirta zuwa 3 ga Janairu ko da yara za su rasa kwana biyu uku na makaranta, wallahi bambancin kuɗin otal kaɗai ya isa dalili. In kuma dole sai cikin wancan satin mai zafi, toh ba a fasa ba, sai dai ka bi abin da zan faɗa sau da ƙafa.

Ga dabarar da ni nake yi da baƙina: ana fara tafiyar ne daga ƙarshe. Kowa yana fita Accra ya tsaya Cape Coast, kai kuma ka wuce ta kamar ba ka gan ta ba, ka zarce yamma can bayan Takoradi, ka yi kwana uku ko huɗu a inda bas ɗin yini ɗaya ba ya iya kaiwa, sannan ka dawo a hankali ka shigo Elmina da Cape Coast ta baya a tsakiyar sati. Akwai ma jirgi daga Accra zuwa Takoradi, bai kai awa ɗaya ba, in aljihu zai ɗauka ku hau shi mota ta same ku a can, kun huta da titin sau ɗaya. In kuma da mota za ku yi duka, Accra zuwa Takoradi kusan kilomita 220 ne, a takarda kamar ba komai, amma ka ware masa yini guda.

Dalili kuwa Kasoa. Sunan ma namu ne, kasuwa ce aka lanƙwasa ta koma Kasoa, kamar yadda Mallam Junction da za ka bi kafin ka kai can ita ma daga malam ta samo suna, Accra ɗin kanta tsofaffinmu na zango Ankara suke ce mata. Garin ya cika ya batse, mutanen da ke aiki a Accra dubbai a can suke kwana, don haka da safe goslo ɗin masu shiga birni ne, da yamma na masu fita. Kai da kake fita da asuba kana kishiyar su, sai ka ga ɗaya hannun a tsaye cik kai kana wucewa. Ku yi sallar asuba ku hau titi, kar a tsaya cewa sai yara sun yi wanka sun karya, a saya koko da ƙosai a hanya, ko'ina akwai, nan ma Hausa koko ake ce masa. Abin da ba zan yafe maka ba shi ne ka fita Accra ranar Juma'a da yamma. Mutanen kudancin Ghana ranar Asabar suke jana'izarsu, kuma jana'iza a wurinsu biki ne babba, gawa tana iya yin watanni a firij ana shiri, toh ranar Juma'a da la'asar duk wanda yake da mamaci a ƙauye ya ɗauki hanya, ga motocin gawa ga bas-bas na dangi cikin baƙi da ja. Na taɓa ɗauko wasu baƙi da suka ƙi jin magana suka ce sai bayan sallar Juma'a, mun yi la'asar a mota mun yi magariba a gidan mai, ba mu ga Winneba Junction ba sai bayan isha'i, tafiyar da da asuba awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Lahadi da yamma kuma haka abin yake a hannun dawowa. Sannan kar ka yi tafiyar dare a titin nan gaba ɗaya, yawancinsa bayan Winneba hannu ɗaya ne kowa da nasa, ga manyan motocin da ke zuwa tashar jirgin ruwa ta Takoradi da bodar Elubo, ga masu obatekin a kwana, kuma rana tana faɗuwa wajen shida duk shekara, duhu yana zuwa da sauri ba kamar yadda ka saba ba.

A hanyar zuwa in kuna son miƙe ƙafa, akwai ƙananan fot, wato irin gidajen bayin nan amma ƙanana, da kusan ba mai zuwa. Mutane suna zaton gidajen bayin nan biyu ne kawai, alhali gaɓar Ghana cike take da su, Turawan Fotugal da Holan da Ingila da Denmak da Suwidin har da Jamusawan Brandenburg kowa ya gina nasa, kuma gaba ɗayansu UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979, ba manyan biyun kaɗai ba. A Apam akwai Fort Patience a kan tudu, 'yan Holan suka fara shi a 1697, daga sama kana kallon kwale-kwalen masunta reras. A Abandze akwai Fort Amsterdam, daga titi ma kana hango shi. A Anomabo akwai Fort William, wanda cinikin bayin da aka yi a cikinsa ba ƙarami ba ne ko kaɗan, amma sau da yawa in na kai mutane mu kaɗai ne sai mai gadi da ɗan jagora. Ka zaɓi ɗaya, ni Anomabo nake zaɓa, minti arba'in ya isa. In kun zo Yamoransa za ka ga mata sun jera dokunun Fante, wato dafaffen ƙullun masara naɗe a ganye, a bakin titi tuli-tuli, ku saya, da soyayyen kifi da shito, soyayyen yajin nan na Ghana, abincin rana ya samu.

Yanzu yamma. Bayan Takoradi da kamar kilomita 25 akwai Agona Nkwanta, nan ake karyawa hagu zuwa teku. Busua ita ce sananniya, rairayinta faɗi ne, ruwanta ya fi na yawancin wurare sauƙi, shi ya sa masu koyon hawan igiyar ruwa suke can, amma daidai Kirsimeti da sabuwar shekara ita ma tana cika da kiɗa har asuba, kuma da iyali ba za ka ji daɗin abin da idonka zai gani ba. A kwanakin da ba na biki ba lafiya lau ce. In ta cika, Butre tana bayan tudu ɗaya kawai, ƙauyen masunta ne a bakin wani ɗan kogi, da kangon Fort Batenstein a samansa, ana shiga kwale-kwale a zaga cikin itatuwan bakin ruwa da sassafe, yara za su so wannan. Ɗaya gefen kuma Dixcove ce da Fort Metal Cross, daga Busua da ƙafa ma ana zuwa. In motarku mai tsayi ce sai ku ƙara gaba ta cikin gonakin roba zuwa Akwidaa da Cape Three Points, nan ne ƙarshen Ghana ta kudu, akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1925, ka tsaya a kan dutse teku ta kewaye ka ta gefe uku. Titin jar ƙasa ne mai ramuka, kuma shi ne yake tsare wurin, don ba direban babbar bas da zai yarda ya sa motarsa a ciki. Shi ya sa nake cewa wajen hayar mota kar ka yi rowa ka ɗauki ƙaramar salun, ku shida da kaya dama ba za ta ɗauke ku ba, ka nemi mai ƙarfi, kuma da direbanta, wanda yake jin Fante ko Twi. Shingen 'yan sanda yana da yawa a hanya, baƙo da lasin wata ƙasa yana ɓata lokaci a kowanne.

Princes Town ma haka, sai an sauka daga babban titi an sha ƙura, amma Gross Friedrichsburg da Jamusawan Brandenburg suka gina a 1683 yana nan a kan tudu, dutsen ginin ma daban yake da na sauran. Axim kuma titinta mai kyau ne, Fort St Anthony na 'yan Fotugal tun 1515, wato Elmina ce kawai ta girme shi, kuma wallahi na sha zuwa in tarar ba kowa. A yankin Axim da bakin kogin Ankobra nake ba iyali shawarar su yada zango kwana biyu, akwai masaukai a bakin ruwa da ke da nasu rairayin, shiru, bishiyoyin kwakwa, ba mai talla ba mai kiɗa. Nkroful garin haihuwar Kwame Nkrumah yana kusa, in kana son yara su ga inda aka fara binne shi a Ghana. Abu ɗaya, yankin nan ya fi ko'ina ruwan sama a Ghana, a Mayu da Yuni ba na kai kowa, amma Disamba da Janairu rani ne, sai dai ɗan hazon hunturu da ke saukowa daga wajenku.

Nzulezo ita ce wuri ɗaya a yamma da za ka iya cin karo da taro. Ƙauye ne da aka gina kacokan a kan ruwa bisa turaku, a tafkin Tadane, daga Beyin ake shiga kwale-kwale kusan awa guda in da filafili ne. Saboda hotonta ya zaga duniya, ranar Asabar da ranakun hutu ɗalibai da 'yan coci suna zuwa bas-bas, kuma ƙauyen titi ɗaya ne na katako, in mutum ɗari suka hau ba inda za ka juya. Ku je Litinin ko Talata ko Laraba, ku kasance a ofishin Beyin da an buɗe, kwale-kwalen farko. Alhamis ranar tafkin ce a al'adarsu, ka bar musu ita. Kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa ko da ya ce ya iya iyo. Sannan ka ja wa yara kunne kan hoto, mutanen nan gidajensu ne, sun gaji da a leƙa musu ɗaki da waya, a yi sallama a tambaya tukuna. Ni gaskiya tafiyar cikin ruwan ta fi burge ni a kan ƙauyen kansa, ruwan baƙi wuluk kamar shayi saboda ganyaye, shiru sai kukan tsuntsu.

Toh sai dawowa. In kun baro Takoradi ku ɗan ratse Shama a bakin kogin Pra, Fort San Sebastian, a nan kabarin Anton Wilhelm Amo yake, ɗan yankin Axim da aka kai Jamus yana yaro ya zama malamin falsafa a jami'o'in Halle da Jena tun ƙarni na 18. Ba ya ɗaukan lokaci. Masauki kuma kar ka kama a tsakiyar Cape Coast, ka nema tsakanin Brenu Akyinim da Ampenyi da bakin Elmina, minti ashirin zuwa talatin ne zuwa kasul, kuma da dare za ku yi barci. Ka kira su da bakinka ka tabbatar, ka tura kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ka ajiye saƙon. Akwai wani masauki da ya taɓa sayar da ɗakunan baƙina biyu ga wasu da suka fi biya a satin Kirsimeti, muka iso da magariba da yara suna kuka aka ce wai ba a ga sunanmu ba, tun daga ranar ba na yarda da abin da aka cike a intanet kawai sai na ji murya.

Kakum ita ce mai wuyar sha'ani, bari in daɗe a kanta. Tana arewa da Cape Coast kusan kilomita 30. Gadar da ake magana an buɗe ta a 1995, gadoji bakwai ne na igiya da katako da aka ɗaura daga bishiya zuwa bishiya, tsawonsu gaba ɗaya kusan mita 350, a wani wurin kana sama da ƙasa da mita 30 ko fiye. Faɗin katakon na mutum ɗaya ne, ba a wuce juna, kuma ana ƙayyade yawan waɗanda za su hau kowace gada a lokaci guda. Kaga in bas uku na 'yan sakandare suka riga ka, za ka zauna a rumfa kana jira, in an zo hawa kuma na gabanka yana ihu na bayanka yana girgiza igiya da gangan don ya tsorata 'yan mata, ba tsuntsun da zai tsaya balle biri, kuma Hajiya in tana da tsoron sama a nan za a yi rigima, don ba halin ta tsaya ta huta. Amma in kai ne rukunin farko, daji ne na gaske, raɓa tana ɗiga, hazo yana kwance a kan bishiyoyi a ƙarƙashinka, ka yi tafiyarka a natse. Don haka ka aika direba ko ka kira tun jiya a tambayi ƙarfe nawa za su fara sayar da tikiti, ku isa kafin lokacin. Masu kallon tsuntsaye suna shirya shiga tun da sassafe kafin a buɗe wa kowa, da ɗan ƙarin kuɗi, kai ma kana iya nema. Akwai kuma ɗakin kan bishiya da ake kwana a cikin dajin, ga mai ƙarfin hali, amma da ƙananan yara ban ba ka shawara ba. Ranakun da za ka guje wa Kakum ko da kyauta ne: Asabar, 26 ga Disamba, 1 ga Janairu, in wani lokacin ne kuma 6 ga Maris ranar 'yancin kai da Litinin ɗin Ista. Juma'a ma in makarantu suna zango ranar yawon ɗalibai ce. Talata da Laraba su ne naka. Kafin a kai gadar akwai hawan tudu na kamar minti ashirin a kan duwatsu, a sa takalmi mai rufi, ƙanwarka da Hajiya su sa wando a ƙarƙashin abaya don kar tsani ya riƙa kama ta.

In kun sauko daga Kakum wajen tara da rabi, za ka ga bas-bas suna shigowa kuna fita, kar ku ruga kasul, ku koma masauki ku huta zafin rana. Kasul biyun suna buɗewa wajen tara su rufe wajen huɗu da rabi, kuma rukuni-rukuni ake shiga da ɗan jagora. Ka raba su kwana biyu. Elmina da an buɗe da safe, Cape Coast kuma ko da safe washegari ko zagayen ƙarshe bayan uku. Nisan su kilomita 13 ne kawai amma kar ka haɗa su rana ɗaya, ba don gajiya ba, don zuciya. Elmina 'yan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, a nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi ƙasar. Cape Coast kuma Suwidin ce ta fara shi a 1653 kafin ya faɗa hannun Ingila, shi ne wanda Obama ya ziyarta a 2009, shi ya sa Amurkawa suka fi cika shi. Dalilin da ya sa nake nacewa a shiga lokacin da ba mutane, ɗakunan ƙarƙashin ƙasan nan ba wurin kallo ba ne kamar gidan zu. In ku goma ne, ɗan jagora zai kashe fitila ya rufe ƙofa na ɗan lokaci ka ji duhun da zafin da warin da har yau bai fita ba, ka ga cocin da aka gina daidai saman inda mutane suke mutuwa. In ku sittin ne, bayan wani kawai za ka gani da hasken wayoyi. Kuma da yawa cikin waɗanda aka tsare a ɗakunan daga arewa aka gangaro da su a ƙafa, ta hanyoyin da fatakenmu na goro suka sani, don haka ba labarin wasu can ba ne. In kun haɗu da baƙaƙen Amurka suna kuka ko suna zuba ruwa a ƙasa suna addu'arsu, a ba su wuri, a hana yara dariya. Ƙaramin cikin yaranka in bai kai shekara bakwai ba ni da zan bar shi a farfajiya da wani babba.

Da kun fito Elmina ku hau tudun da ke fuskantarsa zuwa Fort St Jago, minti goma ne a ƙafa, kusan duk masu bas ba sa hawa saboda direba yana jira, alhali daga can ne ake ganin kasul ɗin gaba ɗaya da bakin tafkin Benya da ɗaruruwan kwale-kwale masu tutoci. Wannan cunkoson na masunta kuma ni ba na guje masa, shi ne ma garin, mata da kwanuna a ka ana ciniki ana zage-zage da Fante, hayaƙin bandar kifi ko'ina. Sai dai ka sani ranar Talata masunta ba sa fita teku a yawancin gaɓar nan, al'ada ce tsohuwa, ranar gyaran koma ce. In kana son ganin an sauke kifi kar ka zo Talata, in kuma shiru kake so toh ita ce ranarka. Alhamis ta farko a Janairu kuma Elmina tana bikin Edina Bronya, gari yana cika, Winneba tana da bikin masu shigar dodanni ranar 1 ga Janairu, Takoradi kuma nata na Ankos a kwanakin Kirsimeti, titunan tsakiyar gari a rufe. Suna da kyan kallo, amma in ka shiga da mota ba ka fita.

In lokaci ya ragu, Assin Manso tana kan hanyar Kumasi daga Yamoransa, kamar awa ɗaya, nan ne rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku, a 1998 aka dawo da ƙasusuwan mutum biyu daga Amurka da Jamaika aka binne a wurin. Ban da lokacin bikin tunawa da 'yanta bayi na 1 ga Agusta da satin Kirsimeti, ba ya cika.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci a wurina, ruwa. Inda ba mutane, ba mai ceto. Tekun nan ba Tiga ba ce ba kuma Challawa ba, tana da wani ja ta ƙasa da yake kwashe ƙafar mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, kuma wurin da ya fi kama da kwanciya, inda igiya ba ta fashewa, sau da yawa nan ne hanyar da ruwan yake komawa ciki da ƙarfi. Duk shekara a lokutan biki ana rasa mutane, har da yaranmu na zango da ke zuwa fikinik bayan salla. Kafin kowa ya taɓa ruwa ka tambayi masu masaukin ko masunta ina ne ake shiga, in suka ce ba a shiga toh ba a shiga, yara su yi wasan yashi, kuma babba ɗaya idonsa a kansu ko da yaushe ba a waya ba.

Abinci da salla ba za ku sha wuya ba, kowane babban gari a hanyar yana da zango, kana shiga ka yi sallama da Hausa za a amsa maka, Hausar ce dai za ta ɗan ba ka dariya, mu ma taku tana ba mu. A Cape Coast ka nemi Kotokuraba wajen kasuwa, akwai masallacin Juma'a, akwai waakye, wanda shinkafa da wake ne sunan ya gajarce, akwai tuwo da tsire. A ƙauyukan yamma kuwa masallaci yana nisa, ku riƙe darduma, ku tsaya a kan kifi, in za a ci nama a tambaya don ana sayar da alade a fili. Ka riƙe tsabar sidi, kuɗin Ghana, ma kafin ka bar Takoradi ko Agona, bayan nan na'urar cirar kuɗi sai an dace, netwok ma a wajen Cape Three Points yana zuwa yana tafiya, don haka ka sauke taswirar Google Maps a waya tun kana gari. Biza ba ruwanku da ita tunda ECOWAS ce, fasfo da katin rigakafin shawara dai kowa da nasa har jariri in ya kai wata tara.

Ranar komawa Accra kuma a juya lissafin farko, kar ku taso da asuba don za ku faɗa cikin masu shiga aiki a Kasoa, ku bar Cape Coast wajen takwas da rabi ku ratsa ta tsakanin sha ɗaya da ɗaya, kuma kar ya zama Lahadi. In jirginku na Kano ko Legas na safe ne, ku kwana a Accra daren, kusa da filin jirgi. In ka tsayar da ranar saukarku ka faɗa min ko wace rana ce a sati, sai in jera maka kwanakin yadda Kakum za ta faɗo Talata ko Laraba. A gaida Hajiya da yara.